Yadda na'urorin zamani ke taimakawa wajen dawo da motsin hannu

Shanyewar ɓarin jiki na cikin manyan dalilan da ke raba mutum da amfani da hannunsa. Tana faruwa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini ne kan gaba wajen haddasa ta. Da dama daga cikin waɗanda suka rayu sukan sake taka ƙafa, amma riƙe cokali, rubutu ko sanya riga su gagare su.

Jinyar ta dogara ne a kan baiwar da ƙwaƙwalwa ke da ita ta buɗe sababbin hanyoyin aika saƙo zuwa gaɓoɓi idan aka yawaita maimaita motsi. Amfanin na'ura shi ne ba ta gajiya, don haka maimaicin yakan fi yawa.

Na farko a cikinsu shi ne mutum-mutumin atisaye. An fara ƙera MIT-Manus a jami'ar MIT ta Amurka a 1989. Majinyaci kan riƙe hannun na'urar yana ƙoƙarin kai alama wani wuri a allon kwamfuta, inda ya gaza sai ta ƙarasa masa motsin.

Na biyu shi ne zaburar da tsoka da ɗan ƙaramin lantarki ta faifan da ake manna wa fata, domin yatsu su buɗe a daidai lokacin da majinyaci ke yunƙurin ɗaukar abu.

Akwai kuma na'urar Vivistim, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2021. Ana dasa ta a ƙirji, tana zaburar da wata jijiya ta wuya yayin atisaye.

Sai dai bincike ya nuna iyakarsu. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2010 kan majinyata 127 ya gano cewa mutum-mutumi bai zarce atisaye mai tsanani a hannun ƙwararre ba. Gwajin da aka yi a Birtaniya kan mutum 770, wanda ya fito a 2019, ya nuna bai fi kulawar da aka saba bayarwa inganta aikin hannu ba.

Wannan na nufin na'ura mataimakiya ce, ba ta maye gurbin likitan gashi da juriyar majinyaci. Ga wuraren da tsada ta hana samun na'urorin, akwai hanyoyi masu sauƙi, kamar atisaye da madubi, inda ake ɓoye hannun da ya shanye a bayansa, majinyaci yana kallon hoton lafiyayyen hannun yana motsi.

Mafi yawan sauƙi kan samu ne cikin wata uku zuwa shida na farko, shi ya sa likitoci ke jaddada fara atisaye da wuri.