Daga Gindin Ginshiƙi Zuwa Mudarraj: Tarihin Wurin Zaman Ɗalibi a Azhar

Idan ana ba da tarihin Azhar, yawanci sunayen shehunai da na littattafai ake jerowa, a manta da wurin da ɗalibi yake zama yana sauraro. Alhali kuwa a cikin shekara dubu da ɗoriya da makarantar nan ta yi tana koyarwa, an sha sauya wa ɗalibi mazauni, kuma duk sa'ad da aka sauya, karatun ma sai ya sauya kama. Tunda ƙungiyarmu ta ware wannan mujalla don waiwaye, ya dace mu leƙa wannan ɓangare, domin ya shafi abin da muke fama da shi yau a kulliyoyinmu.

Jauhar As-Siƙilli, kwamandan Faɗimiyyawa, shi ya aza harsashin masallacin a shekarar 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a 972. Masallaci aka gina, babu aji ko ɗaya. A 988 ne waziri Yaƙub bin Killis ya sa aka yanka wa malamai fiye da 30 albashi, aka gina musu gida a jikin masallacin. Tun daga nan za a ga cewa magabata sun fahimci karatu yana tafiya da makwanci da abin sawa a baka. Bayan Salahuddin ya kawar da daular Faɗimiyyawa a 1171, Azhar ta yi sanyi, har aka daina Juma'a a cikinta kusan shekara 100, sai a zamanin Sarki Baibars, wajen 1266, aka dawo da ita.

Ajin wancan zamani shi ne halƙa. Shehi zai zauna a gindin wani ginshiƙi da aka san shi da shi, a kan buzu ko kujerar katako, ɗalibai su kewaye shi a kan tabarma. Lokutan salla su ne ƙararrawa: bayan Asuba a yi hadisi ko tauhidi, rana ta fito a shiga fiƙihu, bayan Azahar a koma nahawu. Duk wanda ya yi karatun zaure a Kano ko Zariya ko Damagaram ba zai ji baƙunta ba, don littattafan ma kusan su ne: Ajurumiyya da Alfiyya a nahawu, Ishmawi da Iziyya da Risala da Muhtasar a fiƙihun Malikiyya. Babu rajistar kiran suna, babu jarrabawar ƙarshen shekara. Ɗalibi shi yake zaɓar malaminsa, idan ya sauke littafi malam ya ba shi ijaza.

Wannan zama yana da sirrin da ya kamata mu lura da shi. Malam yana ganin fuskar kowa, saboda haka ya san wanda ya gane da wanda ya ɓace. Ɗalibi yana da damar tsayar da malam ya yi tambaya, har ya ja da shi. Sabon malami ma a nan ake gwada shi: idan ya zauna koyarwa, manyan ɗalibai su yi masa ruwan tambayoyi, in ya tsaya da ƙafarsa halƙa ta zauna, in ya kasa a watse a bar shi da ginshiƙinsa. Sannan ba a zuwa darasi hannu rabbana. Tun da dare ɗalibai biyu ko uku za su haɗu su yi muɗala'ar abin da za a karanta gobe, don haka kafin malam ya buɗe baki sun riga sun san inda gizo ke saƙar.

Bayan halƙa sai ruwaƙi. Ruwaƙi shi ne masaukin ɗaliban yanki guda, da shehinsa, da akwatunan ajiya, wani ma da ɗakin littattafansa, da rabon gurasar da ake kira jiraya, wadda ake fitarwa daga dukiyar waƙafi. Akwai na Magaribawa, da na Shamawa, da na Turkawa, da na mutanen Jawa, da na Sinnar, da na Jabarti. Namu na wannan yanki shi ne ruwaƙin Barnawa. Kafin shi ma, Maƙrizi ya kawo labarin alhazan Kanem da suka ba alƙali Ibn Rashiƙ kuɗi wajen shekarun 1240, ya gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, suka ci gaba da aiko mata da taimako daga gida. Ashe tun shekara kusan 800 da suka wuce mutanenmu sun san cewa idan ka tura yaro karatu nesa, sai ka tanadar masa inda zai zauna cikin waɗanda suke jin yarensa.

Ko Malam Muhammadu Al-Kashnawi, Bakatsinen nan masanin lissafi da hatimai, ba a wani aji ya bar tasirinsa a Alƙahira ba. A gidan Shehu Hasan Al-Jabarti ya sauka, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman Al-Jabarti. Mai gidan ya ɗauki ilimi a wurinsa, kuma a gidan ya rasu a 1741, ya bar masa littattafansa. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Bahaushe, shi ke kawo farin kai.

To, amma kada daɗin labari ya ɗauke mu, 'yan uwa. Halƙa tana da nata ciwon. Halƙoƙi da yawa ne a rufi ɗaya, kowane shehi yana ɗaga murya, ga masu haddar da ke rera nasu, ga masu cin abinci, ga masu barci a tsakar masallaci domin ruwaƙi bai ishi kowa ba. Wanda ya samu gaba ya ji, na baya sai dai ya ga leɓe yana motsi. Uwa uba, babu matakai. Yaro sabon zuwa daga ƙauye zai faɗa cikin darasin da ake tattauna hashiya a kan sharhi, shi kuwa ko matanin bai sani ba. Mutum yana iya shafe shekaru a haka, babu mai tambayarsa ina ya kai.

Shehu Muhammad Abduh shaida ne a kan wannan. An haife shi a 1849, aka kai shi masallacin Ahmadi da ke Ɗanɗa, inda ake karatu irin na Azhar. Ya yi kimanin shekara ɗaya da rabi ana karanta musu sharhin Kafrawi a kan Ajurumiyya, bai fahimci komai ba, domin malamai suna jefo musu istilahin nahawu ba tare da sun damu da wanda bai taɓa jin su ba. Ya yanke ƙauna, ya gudu, ya ƙudura zai koma noma. Wanda ya dawo da shi hanya wani dattijo ne cikin danginsa, Shehu Darwish, wanda ya riƙa zaunar da shi yana sa shi karantawa, shi kuma yana warware masa jimla bayan jimla. Cikin 'yan kwanaki yaron da ya tsani littafi ya koma ba ya son rabuwa da shi. Ƙwaƙwalwar dai ita ce ta jiya. Abin da ya sauya shi ne an samu wanda ya zauna kusa da shi, ya fara daga inda yake. Ya shiga Azhar a 1866, ya samu shahadar Alimiyya a 1877.

A wannan tsakanin ne gyara ya fara shigowa. A 1872, zamanin Shehu Muhammad Al-Abbasi Al-Mahdi, aka kafa dokar cewa ba mai zama koyarwa sai ya ci jarrabawa a fannoni 11 a gaban manyan malamai 6. A shekarar ce kuma Ali Mubarak ya buɗe Darul Ulum, inda ake ɗaukar ɗaliban Azhar a koyar da su a kan tsarin aji da jadawali. A 1895 aka kafa majalisar gudanarwa ta Azhar, Abduh yana cikinta. Shekara guda bayan haka, 1896, annobar kwalara ta shiga Alƙahira. Wani ɗalibi ya kamu a ruwaƙin Shamawa, abokansa suka hana jami'an lafiya ɗaukarsa, rikici ya ɓarke har 'yan sanda suka buɗe wuta. Wannan ya ƙara wa masu neman gyara hujja cewa cunkoson da ake ciki ya wuce batun karatu, ya taɓa rai. A 1897 aka tattara littattafan da ke warwatse aka kafa ɗakin karatu na Azhar, aka kuma gina ruwaƙin Abbasi a zamanin Khidiwi Abbas Hilmi na biyu.

Ɗaha Husain ya zo a daidai wannan gaɓa, ya ɗanɗani zama iri biyu. Ya shiga Azhar a 1902 yana yaro makaho, kuma ya ba da labarin abin da ya gani a littafinsa Al-Ayyam. Akwai malaman da suka yi masa gori da makantarsa, abin ya tsaya masa a rai har girmansa. Akwai kuma Shehu Sayyid Al-Marsafi mai koyar da adabi, wanda ya sakar wa ɗalibansa fuska, yana barinsu su faɗi ra'ayinsu, har gidansa suna zuwa. A rufi ɗaya aka yi duka biyun. Da aka buɗe Jami'ar Masar a 1908, ya riƙa zuwa can, ya ji daɗin sabon salon lacca, ya samu digirin dakta a 1914 da bincike a kan Abul Ala Al-Ma'arri. Labarinsa ya nuna cewa harshen malami ma wani ɓangare ne na aji. Kalma ɗaya ta wulaƙanci tana iya rufe bakin ɗalibi shekara guda.

Babban sauyi ya zo da dokar 1930, zamanin Shehu Al-Ahmadi Az-Zawahiri, wadda ta kafa kulliyoyi uku: Usuluddin, da Shari'a, da Lugga. Karatu ya fara fita daga masallaci zuwa gine-gine masu benci da allo. A ƙarshen shekarun 1950 aka buɗe Madinatul Bu'us a Abbasiyya, ta gaji aikin ruwaƙai wajen saukar da baƙi. Sai doka mai lamba 103 ta 1961, zamanin Jamal Abdunnasir, Shehu Mahmud Shaltut yana Shehin Azhar, wadda ta shigo da likitanci da injiniyanci da noma, ta buɗe wa mata ƙofa.

Ribar da aka ci a fili take. An samu matakai, daga ma'ahad zuwa kulliya, don haka abin da ya kori Abduh daga Ɗanɗa ya ragu ƙwarai. An samu shahadar da za a nuna a gida a samu aiki. 'Yan uwanmu mata, waɗanda a da ba su da ruwaƙi, yau ga su a kulliyoyi. Amma an biya farashi. Mudarraj mai cin ɗaruruwan mutane ba ya barin malami ya san fuska, balle suna. Tambaya a gaban wannan taro sai mai ƙarfin hali, musamman baƙon da ke tsoron kada a yi wa Larabcinsa dariya. Idan dakta ya zarce da ammiyya, na bencin baya ya ɓace ke nan, ba wanda ya sani. Daga nan sai a fara ɗauke ƙafa, a jira jarrabawa ta matso a rungumi muƙarrar a haddace. Wannan ciwo ne na duk wata babbar jami'a, abokanmu na Khartum da Madina da Ingila ma za su ba da irinsa. Ba mamaki shi ya sa darussan ruwaƙi suka sake rayuwa a cikin masallacin a 'yan shekarun nan, kuma za ka tarar da ɗaliban kulliya ne suka cika su, suna neman kusancin da benci ya raba su da shi.

Me ya rage namu a ciki? Ba mu da ikon rage yawan mutane a mudarraj, amma wurin da za mu zauna a ciki zaɓinmu ne. Wanda ya yi sammako ya kama layin gaba, shi da wanda ya maƙale a baya kusa da ƙofa ba darasi ɗaya suka halarta ba. Muɗala'ar dare ba ta buƙatar izinin kowa: mutum uku a ɗaki ɗaya a Bu'us ko Hayyul Ashir sun isa su raya ta. Ƙungiya kuwa ita ce ruwaƙin Barnawa na wannan zamani, ko mun lura ko ba mu lura ba. Ya kamata kowane sabon zuwa a haɗa shi da wani na gaba da shi a kulliyarsa, wanda zai zauna da shi ko sau ɗaya a mako, ya warware masa darasi da Hausa idan ta kama, kamar yadda Shehu Darwish ya yi wa Abduh. Ya kamata shugabanni su riƙa leƙa gidajen haya, su ga mutum nawa ke kwana a ɗaki, ko akwai kusurwar da za a buɗe littafi, ko akwai wanda ya daina fita aji don kuɗin mota ya gagare shi. Ɗalibin da ya faɗi sau biyu, kafin a ce masa malalaci, a fara tambayarsa a ina yake zama a aji, a ina yake kwana, da wa yake bita.

Allah Ya jiƙan magabatan da suka share mana wannan hanya, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mayar da mu gida lafiya.