Tsatsa a shokazoban gaban babur: yadda take farawa a Gombe da yadda ake magance ta

A birnin Gombe, inda babur ya zama abin hawan ɗan acaɓa da ma'aikaci da ɗan kasuwa, akwai wata lalacewa da masu babura kan ɗauka ta tsaya ga ado kawai. Ita ce ɗigo-ɗigon tsatsa a jikin sandunan nan biyu masu ƙyalli da ke riƙe da tayar gaba, waɗanda makanikai ke kira shokazoba.

Kowane ɓangare bututu biyu ne. Na sama ƙarfe ne da aka lulluɓe da sinadarin kurom, yana shiga yana fita cikin na ƙasa, wanda galibi alminiyam ne. A ciki akwai sifirin da mai, a bakin kuma akwai zoben roba da ake kira sil, mai hana man fitowa. Kamfanin BMW na Jamus ya fitar da babur mai irin wannan tsari tun a 1935, kuma shi ne a jikin Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da suka cika titunan Gombe a yau.

Rufin kurom ɗin bai kai kaurin silin gashi ba, kuma a nan matsalar take. A Turai gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara ke cin ƙarfe, a Legas kuma iskar teku. Gombe ba ta da ko ɗaya, amma tana da yashi. Da rani, tsakuwa da ƙurar hunturu kan gurje rufin su bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, ruwa da laka na hanyoyin unguwanni, ga kwaruruka da zaizayar ƙasa ta haƙa a cikin garin, sai su shige ramukan su taras da ƙarfen da ke ƙasa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka takan ɗago rufin daga ciki, ta bar baki mai kaifi.

Robar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke rufe bututun tana da amfani ƙwarai muddin ba ta yage ba. Da zarar ta yage kuwa, sai ta koma ma'ajiyar ruwa da yashi, ta kuma ɓoye ɓarnar.

Inda tsatsar ta fito ya fi yawanta muhimmanci. Wadda ke can sama kusa da fitila, inda bututun ba ya shiga, muni ne kawai. Wadda ke wurin da sil ke gogawa ita ce haɗari, domin duk ramin da babur ya faɗa, kaifin nan yana yankar robar. Daga nan mai ya fara yoyo, gaban babur ya riƙa dukan ƙasa, ya nutse sosai idan an taka birki, man kuma yana iya gangarawa zuwa birki ko taya. Sauya sil ba tare da gyara bututun ba asarar kuɗi ce, sabon ma yagewa zai yi.

Farce ya isa gwaji. Idan an bi wurin da shi bai maƙale ba, tsatsar a sama take, ana iya goge ta da takardar alminiyam da ɗan mai. Idan ya maƙale, sai a sa sanfefa mafi laushi da mai a kashe kaifin, ana kewaya bututun, ba a bi tsawonsa ba, don kada a buɗe wa mai hanya. Wasu makanikai kan cike ramin da gam mai haɗi biyu su goge ya daidaita. Dabarar tana jan lokaci, amma ba ta dawwama. Bututun da ramuka suka yi wa yawa, ko wanda ya lanƙwashe, sauyawa ya fi, domin miƙar da shi kan tsattsage rufin. Bayan gyara, wajibi ne man ɓangarorin biyu ya zama iri ɗaya, awo ɗaya.

Bututun ƙasa ba ya jar tsatsa, farin gari yake fitarwa a ƙarƙashin fenti. A kankare, a wanke, a shafa fentin share fage, sannan na sama.

A wurin wanki, kada a saita ruwan inji mai ƙarfi a bakin sil, a kuma ɗauraye omo sosai. Bayan kowace tafiya cikin laka, a share bututun da tsumma mai tsabta kafin lakar ta bushe, sannan a shafa masa ɗan mai kaɗan wanda ba zai tara ƙura ba.