Dokin da Ake Ja Ba Mahayi

A watan Disamba na 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Gure a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya tarar da Muniyoma Koso a gadon sarautar Muniyo, ƙarƙashin Shehun Barno, ya kuma rubuta cewa sarkin yana iya fitar da mahaya kusan 1,500 in yaƙi ya taso, ban da dubban 'yan baka. Ƙasa ce ta duwatsu da rairayi, doki kuwa shi ne ƙarfin sarki.

Amma doki yana gajiya. Wanda aka ɗora wa lifidi, ga mahayi da sulke, ga rana, ba ya kai yamma da ƙarfinsa na safe. Kibiya ɗaya mai dafi kuma ta isa ta kayar da shi. Sarki ya tsaya a ƙasa tsakiyar daga, yaƙi ya ɓaci ke nan. Saboda haka sarakunan Barno da ƙasar Hausa suka saba fita da wasu dawaki a ɗaure da sirdi, zagage na riƙe da su kusa da sarki, in wannan ya kasa a miƙo wancan. Nan dawakin zage suka samo asali.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903, bindiga mai ruwa ta kashe yaƙin doki. Dawakin zage dai ba su bi shi ba. Duk wanda ya tsaya kallon hawan sallah a Kano ya gan su: suna tafe gaban sarki a jere, an shimfiɗa jalala, ga ɗan kai da ɗan ƙirji suna walƙiya, likkafa tana lilo ba ƙafa a ciki, zagi na tausar dokin da murya in ƙarar bindigar 'yan bindiga ta firgita shi. A ganina babu abin da ya fi wannan nuna girman sarauta a duk hawan, har da lema da kakaki.

A Amurka ma ana jan doki ba mahayi, sai dai ranar makoki. Ranar 25 ga Nuwamba 1963, a jana'izar Shugaba Kennedy, duniya ta ga wani baƙin doki mai suna Black Jack yana bin gawar, yana tirjiya, an sa takalman hawa a likkafa sun juya baya, alamar jagora yana waiwayen rundunarsa karo na ƙarshe. Shi ya raka gawar tsohon Shugaba Hoover da ta Janar MacArthur a 1964, da ta tsohon Shugaba Johnson a 1973. Da ya mutu a 1976, sojoji suka binne shi da girmamawa a barikin Fort Myer.

Wannan al'ada ba ta da wurin zama a wajenmu, domin Musulunci ya riga ya tsara jana'iza. Sarki ya rasu, a yi masa wanka da sutura, a ɗauke shi a makara bisa kafaɗun mutane, a sallace shi, a rufe, sau da yawa a ranar. Dawakinsa suna nan a turke, Shamaki da yaran barga na ba su dawa da harawa, har a naɗa sabon sarki, zagage su ja su gabansa a hawansa na farko.