Fada Jean-Marc Ela: Malamin Da Ya Koma Karatu A Gindin Bishiya

Idan muka waiwayi tarihin masu ilimin boko a Afirka, za mu tarar hanyar da aka saba bi guda ce: yaro ya taso daga ƙauye ya tafi birni, daga birni ya ƙetara Turai, in ya dawo sai ya tare a babban ofis, ƙauye kuwa sai ran salla ko ran jana'iza. To amma akwai waɗanda suka bi hanyar nan a juye. Ɗaya daga cikinsu shi ne Fada Jean-Marc Ela, limamin ɗarikar Katolika daga maƙwabciyarmu Kamaru, wanda ya ɗauko digirin dakta daga Faransa ya nufi duwatsun Mandara da shi.

An haifi Ela cikin 1936 a Ebolowa, can kudancin Kamaru, ƙasar kurmi da koko. Ya shiga makarantar horar da limaman coci, aka naɗa shi firist cikin 1964. Bayan haka aka tura shi ƙaro ilimi a Jami'ar Strasbourg, inda ya kammala digirin dakta kan ilimin tauhidi cikin 1969, bincikensa kuwa a kan tunanin Martin Luther ne, Bajamushen nan na ƙarni na 16. A wancan zamani mai irin wannan takarda kujera ke jiransa a Yawunde ko Duwala. Amma cikin 1971 sai ya tattara ya nufi Tokombere.

Kafin mu fahimci wannan zaɓi, sai mun san wurin da kuma wanda ya riga shi zuwa. Tokombere na arewa mai nisa ta Kamaru, tsakanin Marwa da Mora, a gindin duwatsun da suka raba ƙasar da Nijeriya. Mazaunan wurin, irin su Mada da Muyang da Zulgo, kakanninsu sun daɗe a kan duwatsu suna kare kansu daga masu farautar bayi, suna jera duwatsu su tare ƙasa don su sami inda za su shuka dawa da gero. Mutanen kwari suna kiransu Kirdi, wato arna, kalmar da ke ɗauke da raini. Cikin 1959 wani dattijon Fada mai suna Simon Mpeke, ɗaya daga cikin 'yan Kamaru 8 na farko da aka naɗa firist cikin 1935, ya bar babbar majami'arsa ta New Bell a Duwala ya zo ya zauna da su. Yakan hau duwatsu ba takalmi, ya buɗe makaranta, ya girmama dattawan gargajiya, har mutane suka laƙaba masa suna Baba Simon. Wurin wannan tsoho Ela ya je ya zama almajiri, da digirinsa da komai.

Abin da ya tarar bai yi kama da abin da ya karanta a Strasbourg ba. Ya iso ne ana gab da babban farin nan na 1973 da mu ma iyayenmu ba su manta da shi ba. Bugu da ƙari, hukuma na matsa wa manoman arewa su shuka auduga don a sayar waje, har aka kafa kamfanin SODECOTON cikin 1974. Gonar da auduga ta ci kuwa dawa ce ta rasa ta. Ga haraji, ga ƙarancin ruwan sha, ga cututtukan yara. Idan damina ta yi nisa sai a leƙa rumbu a ga wayam. Tambayar da ta dami Ela ita ce, me malamin addini zai faɗa wa mutumin da rumbunsa ba ko tsaba?

Maimakon ya tsaya kan mumbari ya ba da amsa, sai ya riƙa zama da manoma da matasa a inuwar bishiya, ana karanta Littafi Mai Tsarki ana tattauna shi tare da maganar rijiya da farashin auduga da haƙƙin ƙasa. Wannan shi ne abin da aka san shi da shi daga baya, wato tauhidin gindin bishiya. Labarin fitowar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna ya zama masa madubi, domin a ganinsa Ubangijin da ya ji kukan bayi a Masar ba zai toshe kunne ga kukan manomin dutse ba. Bai kuma ƙyale cocinsa ba. Alal misali, ya tambaya dalilin da ya sa za a yi Jibin Ubangiji da gurasar alkama da ruwan inabin da ake shigo da su daga Turai, a tsakanin mutanen da abincinsu gero ne.

A nan ne muke ganin darasin ƙaro ilimin nasa ya fito fili. Da ya lura tauhidi kaɗai ba zai bayyana masa dalilin talaucin nan ba, sai ya sake komawa karatu a Faris, ya yi wani digirin dakta cikin 1978 a fannin nazarin zamantakewar al'umma. A wannan karo ba Luther ya nazarta ba, manoman Tokombere ya nazarta da yadda sauyin tattalin arziki ke taɓa rayuwarsu. Daga nan littattafai suka biyo baya: Le cri de l'homme africain cikin 1980, wato kukan mutumin Afirka, L'Afrique des villages cikin 1982, wato Afirkar ƙauyuka, da Ma foi d'Africain cikin 1985, wato imanina na ɗan Afirka. An fassara na farko da na uku zuwa Ingilishi, aka riƙa karanta su a jami'o'in duniya. Ƙauyen da aka raina ya zama abin nazari a Turai da Amurka.

Bayan fiye da shekara 10 a Tokombere, ya koma koyarwa a Jami'ar Yawunde. Amma gaskiya ɗaci gare ta. Cikin watan Afrilu na 1995 aka kashe Fada Engelbert Mveng, masanin tarihi, a gidansa kusa da Yawunde. Ela ya fito fili ya yi tir da kisan, aka shiga yi masa barazana, dole ya yi gudun hijira zuwa Kanada a wannan shekarar. A can ya rasu cikin Disamba 2008 a birnin Vancouver, aka mayar da gawarsa Ebolowa. Shi kuwa Baba Simon, wanda ya rasu tun 1975, Paparoma Francis ya amince cikin 2023 da nagartar rayuwarsa, matakin da ake bi kafin a kai ga sanya mutum cikin waliyyan coci.

Ba sai mun yi tarayya da Ela a addini ba kafin mu ga abin da tarihinsa ke nuna mana. Bai ɗauki zama da talaka a matsayin hutun karatu ba, bai kuma ɗauki karatu a matsayin hanyar tsere wa talaka ba. Ƙauye ne ya ba shi tambaya, ya tafi jami'a neman kayan aikin amsa ta, sannan ya dawo da abin da ya samo. Duwatsun Mandara har yau suna nan, rikicin Boko Haram ya ƙara wa mazaunansu wahala a ɓangarorin iyaka biyu, rumbuna da yawa kuma har yanzu suna ƙarewa kafin kaka. Masu digiri sun ninka na zamanin Ela nesa ba kusa ba. Abin da ya rage mu tambayi kanmu shi ne, mutum nawa ne daga cikinmu suka yarda su zauna a tabarmar manomi su saurara kafin su ɗauki alƙalami?