Lasisin sayar da giya a Abuja: wa ke bayarwa, ina kuɗin ke zuwa?

'Yan uwa da ke zaune a Sabon Ibadan, Agege ko Ama Hausa ta Owerri kan tambaye ni: tun da Abuja a Arewa take, me ya sa ake sayar da barasa a fili, babu Hisbah? Amsar na cikin doka.

Abuja ba jiha ba ce. Gwamnatin Murtala Muhammad ce ta ƙirƙiro Birnin Tarayya a 1976, aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a Disamban 1991, kuma Majalisar Tarayya ce ke yi masa dokoki. Shari'ar da Zamfara ta ƙaddamar a 1999, wasu jihohi 11 suka bi sahu, ba ta shafe shi ba. Akwai kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a birnin, amma aikinta aure ne da gado da makamantansu.

Hanin giya a Arewa ya girmi wannan zamanin. Dokar Turawa ta 1917 ta raba Najeriya zuwa inda aka hana, inda aka taƙaita, da inda ake sayarwa da lasisi. Mafi yawan Arewa ya faɗa cikin hani, aka sassauta wa unguwannin baƙi irin Sabon Garin Kano da na Zariya. Abuja ta yau ta fi kama da wannan sassaucin, sai dai ya game birnin baki ɗaya.

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa ba da lasisi da sa ido kan sayar da barasa cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A Abuja guda 6 ne: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Lasisin iri biyu ne, na mai mashaya inda ake zama a sha, da na mai kanti inda ake saye a tafi.

Masu son a ƙara yawan lasisi suna cewa hakan zai kawo kuɗin shiga da aikin yi. Ƙananan hukumomin kam suna cikin matsi, don a 2025 malaman firamare na birnin sun shafe sama da wata 3 suna yajin aiki kan albashi. Batun aikin yi ma gaskiya ne, kuma kada mu yi kamar bai shafe mu ba. Duk wanda ya san kasuwar mami ta barikin Mogadishu, ko lambunan shaƙatawa na Wuse da Garki, ya san wa ke gasa tsire da kaza a bakin ƙofa, wa ke jiran fasinja da daddare. Da yawa 'yan uwanmu ne da ba su taɓa kurɓa ba, amma cinikinsu na bin taron mashaya. Da hukumar birnin ta ce a riƙa rufe lambuna da ƙarfe 7 na yamma a 2022, har su abin ya taɓa.

Sai dai a ganina lissafin kuɗin shigar bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Abin da ƙaramar hukuma ke samu kai tsaye shi ne kuɗin lasisin shekara. Harajin da ake ɗora wa kamfanonin giya da na VAT tarayya ke karɓa, shi VAT a raba shi tsakanin gwamnatoci. A kan wannan rabon ne Nyesom Wike ya kai ruwa rana da tarayya a 2021 yana gwamnan Ribas, lokacin da ake ta gorin cewa jihohin da ke fasa kwalabe suna cin kason harajin giya. Ikon Allah, tun Agustan 2023 shi ne ministan Abuja. Hayaniyar dare da faɗa da haɗarin mota kuwa, unguwa ce ke kwana da su, ba a raba su da kowa.

Lasisi kuma ba ya kai wa ga 'yar ledar da ake sayarwa a tashar mota, wadda direba ke zuƙewa kafin ya ɗauki hanya. Wannan hurumin NAFDAC ne, ita ta sanar da hana ta tare da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200 a Fabrairun 2024.

Abin da ya fi amfani ga mazaunin Kudu shi ne wancan jadawalin na huɗu, don haka yake aiki a Legas da Oyo da Imo. Idan za a buɗe mashaya jikin masallaci ko makarantar Islamiyya, ofishin ƙaramar hukuma ne wurin zuwa, da takardar koke mai sa hannun Sarkin Hausawa da maƙwabta, har da waɗanda ba Musulmi ba, tun kafin a buga hatimi. A Abuja kansiloli 62 ne, kuma INEC ce ke shirya zaɓensu, saɓanin jihohi inda hukumar zaɓen jiha ke yi.