Shari'ar Taylor ta 2015

Shari'ar Taylor hukunci ne da Kotun Ƙolin jihar Kaliforniya ta Amurka ta yanke a watan Maris na 2015 kan inda aka yarda masu laifin fyaɗe da lalata su zauna bayan sun fito daga kurkuku. Dokar Jessica, wadda jama'ar jihar suka amince da ita a ƙuri'ar 2006, ta hana duk wanda sunansa ke cikin rajistar masu wannan laifi zama a cikin tazarar ƙafa 2,000 daga makaranta ko filin wasan yara.

Wasu masu ɗaurin talala a gundumar San Diego, ciki har da wani mai suna Taylor, suka kai ƙara. Shaidu sun nuna dokar ta rufe musu kusan kashi 97 cikin ɗari na gidajen haya masu ɗakuna da yawa, har da dama suka koma kwana a titi, inda sa musu ido ya ƙara wuya. Alƙalan baki ɗaya suka ce ɗora dokar kan duk irin waɗannan masu ɗaurin talala a gundumar ba bambanci ya saɓa wa tsarin mulki. Ba a soke takunkumin ba: hukumar gidajen yari na iya ɗora shi kan mutum bayan ta duba laifinsa.