Maijirgi: wa muke tunawa a bakin hanyarmu?

A ƙasashen Turai akan ɗora mutum-mutumi a saman kotu. Wanda ya fi shahara shi ne na kotun Old Bailey da ke Landan, wadda aka buɗe a 1907: mace ce riƙe da takobi a dama, sikeli a hagu, alamar za a auna laifin kowa. Mu Hausawa ba mu sassaƙa irin wannan. Ganuwa da rijiya da kushewa ne ke riƙe mana tarihi.

To, wace alama ke tsaye a yankinmu? Wanda ya bi babbar hanyar RN1 daga Gidan Rumji, ya ratsa Agye da Gazawa, ya wuce Tasawa, zai isa Maijirgi. A nan kushewun hafsoshin Faransa biyu suke, Voulet da Chanoine.

A 1898 aka tura su da rundunar sojoji zuwa tafkin Cadi. Inda duk suka bi, sai toka da gawawwaki. A watan Afrilun 1899 suka gwabza da Sarauniya a Lugu, a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla, sannan Ƙoran Kalgo ta ɗanɗana irin wannan azaba. Da labari ya kai Faris, aka aiko Kanal Klobb ya tsayar da su. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori. Sojojinsu kuma suka juya musu baya, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Babu kotun da ta taɓa ɗora su a sikeli.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ni da nake koyarwa, shi ne ɗalibaina suna iya faɗin sunayen makasan biyu, amma da wuya a sami mai kawo sunan mutum ɗaya cikin waɗanda aka kashe, alhali kakanninmu ne.

Ba rusa kushewun nake so a yi ba, domin shaida ce. Malamai 'yan'uwana, mu sa yara su tambayi tsofaffin garinsu, su rubuta abin da suka ji. Iyaye kuma ku riƙa ba su labarin. Duk tsohon da ya rasu ba a tambaye shi ba, ya tafi da sunayen da babu mai maido mana su.